Hadari a Gaban Jirgi: Kurakuran da Matuƙa Suka Fi Yi

Duk wanda ya tashi a arewa ya san hadarin damina daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa tun ɗigon farko bai sauka ba. A wannan ɗan tsakanin ake yin kuskuren da ya fi cin rai: matuƙi ya ce bari ya yi sauri ya riga hadari tashi ko sauka.

Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Abuja zai je Sakkwato, bayan hasumiyar filin jirgi ta sanar cewa iska na ƙara ƙarfi. Ko nisa bai yi ba ya faɗi. Mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Masu bincike sun ɗora laifin a kan shawarar tashi a wannan yanayi, da rashin bin ƙa'idar kuɓuta daga iska mai juyawa. Irin wannan iska daga gindin hadari take zubowa, ta daki ƙasa ta watsu. Da farko ta gaba take dukan jirgi, gudu ya ƙaru, matuƙi ya ga kamar lafiya lau. Kafin ya ankara ta koma bayansa, fukafukai sun rasa abin dogaro, ga ƙasa kusa. Maganin dai jira ne, tunda curin hadari guda bai cika wuce awa ɗaya ba. In kuwa sauka ake yi, a ba injin wuta a sake zagayowa; babu kunya a ciki.

Sai yarda da rada ido rufe. Radar da ke hancin jirgi ruwa take gani, kuma in ruwan ya yi kauri ba ta iya ratsa shi, sai bayansa ya fito baƙi a allo kamar fili. A 1977 jirgin Southern Airways ya kutsa cikin hadari a jihar Jojiya ta Amurka, ruwa da ƙanƙara suka kashe injinansa biyu, kuma ana ganin irin wannan inuwar ce ta yaudari matuƙan. A allon rada, ja alamar ruwa mai ƙarfi ce; baƙin da ke bayan ja, a ɗauke shi a matsayin ja. A riƙa ɗaga kan radar ana saukewa don a san tsawon gajimaren, a kuma bar aƙalla mil 20 tsakani da babban hadari, ta ɓangaren da iska ke fitowa, domin ƙanƙara na iya zubowa daga rumfar nan da gajimare ke shimfiɗawa ko da sama ta yi tas.

Tsallakewa ta sama? A ƙasashenmu masu zafi kan hadari na haura ƙafa 50,000, jirgin fasinja kuwa yawanci bai wuce 41,000.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne matuƙin da ke jiran mai kula da zirga-zirga ya kauce da shi. Babban aikin wancan bawan Allah shi ne raba jirage kada su haɗu, kuma ba lallai allonsa ya nuna masa abin da kake gani ta gilashi ba. In ka yi shiru sai da ka zo bakin gajimare, lokacin kowa ke kira a rediyo, shi kuma ba shi da inda zai sa ka. Ka nemi kaucewa tun da sauran tazara, ka faɗi hagu ko dama, mil nawa, da inda kake sa ran komawa hanya. In ya ce babu hali, ka ce ba za ka iya bin wannan hanya ba, ka kawo wata. In abin ya ƙure, doka ta ba kyaftin ikon kaucewa don tsira da rayuka: ya ayyana gaggawa, ya sa 7700, lambar gaggawa, a na'urar da ke shaida jirgi a allon mai kula, ya faɗa wa mai kula inda ya nufa.