Kurakuran da ke buɗe wa 'yan kutse ƙofar tashoshin ruwa, wuta da mai

Idan aka bi diddigin manyan hare-haren intanet da suka taɓa ruwa, wuta ko mai, yawanci sakaci ake tararwa a mafarinsu, irin wanda injiniyan tasha zai iya toshewa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Ɗaya daga ciki shi ne barin kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga kamfani. A Nuwamba 2023 an kutsa na'urar daidaita ƙarfin ruwa a wata tashar garin Aliquippa da ke Amurka. Ƙirar kamfanin Unitronics ce, irin wadda a lokacin ke zuwa da lamba 1111 a matsayin kalmar sirri, ga ta kuma a buɗe a intanet. Tun ranar da aka girka na'ura, kafin ɗan kwangila ya tattara kayansa, a canza lambar. Sannan a cire ta daga intanet kai tsaye; mai son dubawa daga nesa ya bi ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya ta intanet da sai mai izini ke shiga.

Shi ma VPN ɗin yana da nasa rami. A Mayu 2021 kamfanin bututun mai na Colonial ya tsayar da aiki na kwanaki, har gidajen mai suka ƙafe a kudu maso gabashin Amurka, ya kuma biya 'yan kutsen da suka kulle masa kwamfutoci fansar kusan dala miliyan 4.4. Ta ina aka shiga? Ta wani tsohon asusun VPN da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kuma kalmar sirri kaɗai yake nema. A riƙa bin jerin asusun ma'aikata duk wata uku, wanda ya bar aiki a rufe nasa ran nan, har da 'yan kwangila. Kowane asusu kuma a ɗora masa mataki na biyu, wato lambar da ke fitowa a waya ko ɗan makullin da ake sokawa a kwamfuta.

Wanda ya fi haɗari shi ne barin hanya tsakanin kwamfutocin ofis da na ɗakin sarrafa injina. A Yukiren, da imel aka fara: takardar Word ce aka turo wa ma'aikata, suka buɗe, suka amince da abin da ta nema. Maharan suka yi watanni a ciki suna tattara kalmomin sirri. Ranar 23 ga Disamba 2015, ana tsakiyar hunturu, suka katse wutar abokan hulɗa kusan 225,000 na kamfanonin rarraba lantarki uku. Masu aiki suna zaune suna kallon kibiyar allo tana tafiya da kanta tana kashe layuka, ba yadda za su yi. Abin da ya dawo da wuta cikin sa'o'i shi ne injiniyoyi sun garzaya ƙananan tashoshi sun mayar da ita da hannu.

Don haka kwamfutar ɗakin sarrafawa ba ta imel ba ce, ba a soka mata filashin kowa, ba a cajin waya a jikinta. Kuma a riƙa gwada tafiyar da tasha da hannu aƙalla sau biyu a shekara, da matakan a rubuce a takarda, tare da lambobin wayar injiniyoyi.

Jinkirin sabunta manhaja ma yana jawo asara. Microsoft ta fitar da gyaran manhajar Windows a Maris 2017, WannaCry, wata muguwar manhaja mai kulle bayanai ta nemi fansa, ta zo a Mayu ta tarar asibitocin Birtaniya da yawa ba su saka ba, aka soke dubban ganin likita. Injin da ya tsufa har ba ya karɓar gyara, a ware shi daga sauran. Kwafin bayanai kuma a ajiye uku, ɗaya a faifan da aka zare daga kwamfuta, a riƙa gwada dawo da shi duk wata uku don a tabbatar yana buɗewa.