Yadda ɗalibi zai samu Windows ta halal, ya sauke fayil ɗinta, ba tare da ya faɗa hannun 'yan kirak ba

Tambayar da ɗalibai suka fi yi ita ce: "In na sauke Windows daga intanet, na yi sata?" Amsar ita ce a'a, muddin daga shafin Microsoft ka sauke ta. Fayil ɗin da ake kira ISO, wato wanda ake girka Windows da shi, kyauta kamfanin ya ajiye shi ga kowa, ba a tambayarka ko sisi, ba a ma tambayarka ko kai ɗalibi ne. Abin da ake saya shi ne lasisi, wato izinin amfani da manhajar, kuma shi ne ke zuwa a siffar makulli mai haruffa da lambobi 25. Wanda bai raba waɗannan biyun a kansa ba, shi ne za ka ga yana tsoron sauke fayil na halal, amma ya je kasuwa ya ba wani dubu biyu ya sa masa kirak, wato manhajar da ke kunna Windows ba tare da lasisi ba, hankalinsa kwance. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, don haka wurin da ake taka doka shi ne wajen makullin.

Mataki na farko: duba ko ma kana buƙatar lasisin

Kafin ka fara neman rangwamen ɗalibai, duba abin da ke cikin kwamfutarka. Tun zamanin Windows 8 kamfanoni suka daina manna makulli a bayan laftof, suka koma dasa shi a cikin babban allon da ke cikin kwamfutar kanta, wato motherboard. Yawancin na hannu da ake sayarwa a Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad, daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, kuma da yawansu da makullin Windows Pro a jikinsu. Ka biya kuɗinsa tun ranar da ka sayi kwamfutar. Na sha ganin wanda aka sa wa kirak a kan kwamfutar da ke da lasisinta na asali, don kawai mai gyaran bai tsaya ya duba ba.

Buɗe PowerShell, manhajar rubuta umarni da ke cikin Windows, ka rubuta wannan:

(Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey

In makulli ya fito, naka ne. In ka ƙara kalmar Description a ƙarshen umarnin, a manne ba tazara, za ta nuna maka ko Home ce ko Pro. In Pro ce, shawarata ka bar maganar lasisin ɗalibai gaba ɗaya, ka tsallaka zuwa mataki na uku. Babu abin da ɗalibi zai yi da Education, wato nau'in Windows na makarantu, wanda Pro ba za ta yi masa ba.

Mataki na biyu: neman makullin ta ƙofar gaba

Hanyoyi biyu aka fi sani. Ta farko ita ce shirin Microsoft na ɗalibai da ke cikin Azure, dandalin ayyukan kamfanin na intanet. Tsofaffin hannu sun san shi da sunan DreamSpark tun 2008, daga baya ya koma Imagine, sannan Azure Dev Tools for Teaching. Za ka yi rajistar Azure for Students da imel ɗin makaranta, irin mai ƙarewa da .edu.ng, ba a neman katin banki. In an tantance ka, ka shiga sashen Education, ka buɗe Software, ka duba ko Windows Education na cikin jerin. Ta biyu ita ce OnTheHub, kantin da kamfanin Kivuto na Kanada ke gudanarwa a madadin makarantu, inda za ka rubuta sunan makarantarka ka ga abin da ta tanada. Ba kowace makaranta ce ta ƙulla yarjejeniya ba. In ba ka ga komai ba, je sashen ICT na makarantarku da katin shaidarka ka tambaya, domin sau da yawa imel ɗin ma yana can an buɗe wa ɗalibi, shi ne bai taɓa zuwa karɓa ba.

Akwai sharuɗɗa, kuma su ne halaccin. Lasisin na wanda sunansa ke rajistar makaranta ne, don karatu da bincike. Ba a sayar da shi, ba a ba ƙani, ba a ɗora shi a kwamfutocin shagon buga takardu ko wurin rajistar JAMB. Wani sharaɗin da mutane ba su cika sani ba: Windows da ke zuwa ta yarjejeniyar makarantu ta ɗaga daraja ce, ma'ana an ɗauka kwamfutar tana da wani lasisin Windows tun asali, wannan hawa kawai zai yi a kai. Wanda ya harhaɗa kwamfuta da kansa daga kayan gyara, ko ya sayi wadda ta zo babu Windows ko kaɗan, ya karanta takardar sharuɗɗan da kyau kafin ya danna amincewa. Makullin zai iya karɓa, amma karɓar makulli daban, cika sharaɗi daban.

Game da masu tallar "makullin ɗalibai" a WhatsApp da Facebook kuwa, ko masu sayar da imel ɗin wata jami'ar Amurka da ba ka taɓa takawa ba, ka bar musu kayansu. Imel ɗin ƙarya ne ka yi da shi, makullin kuma yawanci an sayar wa mutum goma kafin kai, wata rana za a toshe shi. Wasunsu na fakewa da hukuncin kotun Tarayyar Turai na 2012 a shari'ar UsedSoft da Oracle, wanda ya halatta sake sayar da lasisin da aka yi amfani da shi. Wannan hukunci na ƙasashen Tarayyar ne, yana da nasa sharuɗɗan, kuma bai mayar da kai ɗalibin makarantar da ba taka ba. Araha ba ta ado.

Da zarar makulli ya bayyana, kwafe shi a takarda, ka ɗau hotonsa, ka tura wa imel ɗinka na kanka. Ka kuma rubuta ainihin sunan nau'in da ke gefensa, harafi da harafi. Za ka ga dalili nan gaba.

Mataki na uku: sauke fayil ɗin

Shiga microsoft.com/software-download. Kada ka bi ta sakamakon bincike na sama da aka rubuta wa talla, kuma kada ka karɓi fayil daga Telegram ko wanda aka kira "Lite" ko wanda aka ce ya zo a kunne. Duk Windows ɗin da ta zo a kunne, wani ya sa hannu a cikinta, kuma ba ka san me ya bari ba. Kai da za ka riƙa shiga manhajar banki a kwamfutar, wannan ba abin wasa ba ne.

Windows 11 za ka ɗauka in kwamfutarka za ta iya. Tana son TPM 2.0 (wani sashen tsaro ne a cikin kwamfutar), ram gigabait 4 aƙalla, wurin ajiya gigabait 64, da injin Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Windows 10 kuwa Microsoft ta daina tallafa mata na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. In ita ɗin dai kake so, ka sani shafinta ba ya nuna ISO kai tsaye ga wanda ya shiga da kwamfuta mai Windows, sai ya tura ka ga Media Creation Tool, manhajar Microsoft da ke sauke Windows ɗin a madadinka. Ka buɗe shafin da waya, zai ba ka.

Fayil ɗin ya haura gigabait 5, kuma mahaɗin da za a ba ka awa 24 kawai yake yi ya mutu. Saboda haka kada ka fara da ragowar data. Sayi ta dare in layinka na da ita, ko ka yi amfani da intanet ɗin laburaren makaranta, ka tabbatar batir a cike yake don gudun ɗauke wuta. Ni ban yarda da Media Creation Tool ba a wurin da sabis ke yankewa, domin in ta tsaya a tsakiya sau da yawa daga farko za ka koma. Sauke ISO ɗin kansa ya fi, ka ajiye shi, gobe in abokinka na buƙata ka kwafa masa. Wannan kwafin ba ya ba shi lasisi, shi ma sai ya nemo nasa makullin.

In ya gama sauka, tantance shi. A PowerShell rubuta Get-FileHash, ka bar tazara, ka sa adireshin fayil ɗin. Za ta fito da dogon layin haruffa, ka gwada shi da wanda ke shafin Windows 11 a gaban harshen da ka zaɓa. Ko harafi ɗaya ya bambanta, fayil ɗin ya lalace a hanya. Minti biyu ne, amma kusan kowa tsallake shi yake yi, sai girkin Windows ɗin ya tsaya a rabi bayan an riga an share komai.

Mataki na huɗu: filashi

Filashi mai gigabait 8 ko fiye, da Rufus, manhajar da ke ɗora ISO a filashi don a girka Windows da shi. Kada ka kwafa fayilolin da hannu a kan filashi mai tsarin FAT32, ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, kuma akwai irinsa a ciki. Rufus ya san yadda zai yi. Duk abin da ke filashin zai tafi.

Mataki na biyar: inda kowa ke faɗuwa

A nan ne ɗalibi ke zuwa yana cewa makullin makaranta na bogi ne. Ba na bogi ba ne, nau'in Windows ɗin ne bai dace da shi ba.

Fayil ɗin da ka sauke yana ɗauke da nau'o'i da yawa a ciki: Home, Pro, Education da sauransu. A ƙa'ida ya kamata lokacin girki a tambaye ka wanne kake so. To amma ka tuna makullin nan da na ce an dasa a allon kwamfuta? In yana nan, manhajar girkin za ta karanta shi ta yanke hukunci da kanta, ba ta tambayarka komai. Kwamfutar da ta zo da Home, Home za ta sake ɗora mata, har ta kunna ta. Sai ɗalibi ya ga bai ga wurin sa makulli ba, ya sake fomatin, ya sake samun Home, ya sake. Na ga wanda ya kwana a kan haka.

Maganin mai sauƙi ne: bar ta ta gama ɗora Home ɗin. Haɗa intanet, shiga Settings, sai System, sai Activation, ka danna Change product key, ka sa makullin Education. Za ta ce za ta ɗaga darajar Windows ɗin, ka amince, ta mutu ta tashi, shi ke nan. Fayilolinka ba za su taɓu ba. Wannan ma na nufin wanda Windows Home ɗinsa ta halal ce kuma lafiyarta ƙalau, ba ya buƙatar sauke ISO ko yin fomatin tun farko. Makullin kawai zai canza.

In kuma dole kana son jerin zaɓin ya fito lokacin girki, buɗe filashin, shiga jakar sources, ka ƙirƙiri ƙaramin fayil mai suna ei.cfg, ka rubuta [Channel] a layin farko, Retail a layi na biyu. Ka kula, Notepad na son ƙara .txt a ƙarshen suna a ɓoye, sai ya zama ei.cfg.txt, wanda ba ya aiki. Kunna nuna ƙarshen sunayen fayiloli ka gani da idonka.

Sai tarkon harafin N. A jerin za ka iya ganin Education, ka ga Education N. Wannan N ɗin nau'i ne da aka yi wa kasuwar Turai bayan hukuncin Hukumar Tarayyar Turai na 2004, an cire masa manhajojin sauti da bidiyo. Makullin N ba ya kunna wadda ba N ba, haka ma akasin haka. Shi ya sa na ce ka rubuta sunan nau'in harafi da harafi. In kana da zaɓi, kada ka ɗauki N, za ka sha wahala da kyamara da kiran bidiyo sai ka ƙara wani kunshin daban.

Lambobin kuskure ma suna magana, in ka san su. 0xC004F050 na nufin ba a karɓi makullin ba, ko ka yi kuskuren rubutu, musamman tsakanin B da 8, ko nau'in bai dace ba. 0xC004C008 na nufin an yi amfani da makullin ya kai iyakarsa, abin da ke faruwa ke nan in ka ba abokinka "ya gwada". 0xC004C003 kuwa an toshe shi, kuma ita ce lambar da masu sayen makullin WhatsApp suka fi gani.

Wata matsalar ta kwamfutar da aka taɓa sa wa kirak ce. Irin su KMSPico suna yaudarar Windows ta ɗauka tana cikin wani babban ofis, su ba ta izinin kwana 180 suna sabuntawa a ɓoye. In ka sa makullin halal a kan wannan, ragowar kirak ɗin na iya dawowa ya ture shi. Irin wannan kwamfutar ita ce fomatin ya wajaba a kanta. Kwashe takardunka da aikin kammala karatunka zuwa wani wurin, ka share ɓangaren da Windows take, ka girka sabuwa.

Mataki na shida: tabbatarwa

Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta slmgr /xpr. In ta ce an kunna ta dindindin, madalla. In ta nuna ranar ƙarewa, to lasisin na neman komawa ga uwar garken wata ƙungiya lokaci-lokaci, sai ka tambayi sashen ICT ko haka tsarinsu yake. slmgr /dli kuma zai nuna maka nau'in da tashar da lasisin ya fito.

Sannan shiga da asusun Microsoft naka na kanka, ba na makaranta ba, domin imel ɗin makaranta rufe shi ake yi bayan ka gama. Ko za ka ci gaba da amfani da lasisin bayan kammalawa, wannan na rubuce a sharuɗɗan da ka amince da su, kuma ya bambanta daga wata yarjejeniya zuwa wata, don haka ajiye kwafinsu tare da makullin. Kada ka rikita wannan da Office na ɗalibai, shi lasisinsa daban ne, yana tafiya da imel ɗin makaranta.

Wanda makarantarsa ba ta da komai, kwamfutarsa ba ta da makulli a jiki, aljihu kuma babu nauyi, ya ɗora Linux Mint ko Ubuntu. Kyauta ne, halal ne a kwafa a raba, LibreOffice na buɗe fayilolin Word, kuma filashin nan da Rufus ɗin nan su za ka yi amfani da su.