Kurakuran da ake yawan yi wajen jinyar tsohon da hankalinsa ya fara rikicewa

Na daɗe ina jinyar tsofaffi a gidanmu, ina kuma leƙa na dangi da maƙwabta, kuma abin da ya ishe ni shi ne yadda kowane gida yake maimaita kuskuren da gidan kusa da shi ya riga ya yi.

Mafi tsada a cikinsu shi ne a kira kowace rikicewa gigin tsufa. Cutar mantuwa ta ainihi a hankali take shigowa, cikin watanni da shekaru: mutum ya fara manta inda ya ajiye carbinsa, ya riƙa maimaita tambaya ɗaya, daga bisani ya ɓata a hanyar masallacin da ya tsufa yana zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da ita a duniya, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne, wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara bayyanawa a 1906. Hawan jinin da ba a kula da shi ba da shanyewar ɓarin jiki su ma suna jawo wani nau'in. Amma tsohuwar da jiya ta yi hira da jikokinta lafiya lau, yau ta wayi gari tana sambatu, tana ganin mutane a jikin bango, da rana gyangyaɗi da dare ido biyu, wannan wani ciwo ne a jikinta ya taɓa ƙwaƙwalwa. Yana iya zama ciwon mafitsara, ko na huhu, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ƙarancin ruwa a zafin bazara, ko faɗuwar sukari, ko riƙewar fitsari ga tsofaffin maza, ko wani sabon magani da aka ba ta. Tsoho kan kamu da ciwo mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba, don haka taɓa goshi ba ya isa hujja.

Haka ta faru da gwaggona. Gida ya yi kwanaki ana tofi da hayaƙi, kowa na cewa "tsufa ne, sai haƙuri", har ta daina cin abinci. Da aka kai ta asibiti aka tarar ciwon mafitsara ne ya shiga jini. Hankalinta ya dawo, amma ba ta ƙara takawa da ƙafarta ba. Ƙa'idata ita ce, duk sauyin da ya zo cikin kwana ɗaya ko biyu, a ranar za a tafi asibiti, a zuba duk magungunan da take sha a leda har da na gargajiya, a kuma tafi da wanda zai iya faɗa wa likita yadda take a makon jiya. Addu'a ba ta hana tafiya. A yi ta a cikin mota.

Na biyu shi ne gardama da jarrabawa, kuma a nan ne 'ya'ya masu boko suka fi ba ni haushi. Baƙi sun zo gaisuwa, sai a nuna mutum a ce, "Inna, wane ne wannan?" Me kuke son tabbatarwa? Ta manta, kun kuma kunyata ta a gaban surukai. Ku ce, "Inna, ga Kawu ya zo gaishe ki", magana ta ƙare. Mafi muni shi ne idan ta tambayi mijinta da ya daɗe da rasuwa a ce mata, "Ai Malam ya rasu." A wurinta yanzu ta ji, don haka sabon makoki kuka buɗe mata, gobe ma ku sake. Ni ba na yi mata ƙarya, ba na kuma maimaita labarin mutuwar, nakan ce, "Inna, kewarsa kike yi ko? Wai yaya aka yi ya je Hajjinsa na farko?" Wasu ba su yarda da wannan dabara ba, amma ita na ga tana kwantar da hankali. Haka idan ta ce matar ɗanta ta sace mata kuɗi: kada a yi rantsuwa, kada a tara dangi, a tashi a taya ta nema, domin yawanci suna ƙulle a bakin zani ko a ƙarƙashin katifa. Idan magariba ta gabato ta ɗaure kaya tana cewa za ta tafi gida, a kunna fitila tun kafin duhu, a kashe talabijin, a ba ta tsintar wake a faifai.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. Maganin barcin da ake saya a kemis, irin su diazepam ko Piriton, yana ƙara ruɗani yana kuma jawo faɗuwa. Ɗaurewa ko kullewa a ɗaki zalunci ne. A gyara sakatar ƙofar gida, a sa takarda mai lambar waya a aljihun rigar tsohon. A duba tabarau da kunne, don wanda ba ya ji sosai kan yi kama da wanda ya rikice. Ciwon damuwa bayan rasuwar abokin zama ko barin aiki yana kama da mantuwa, alhali yana da magani, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, Kware, Maiduguri da Dawanau, waɗanda zuwansu ba abin kunya ba ne. Jingina wa tsohuwa maita saboda tana yawo da dare tana surutai shi ne irin zargin da ya raba mata da gidajensu zuwa sansanin Gambaga a arewacin Ghana.

Sai kuma barin jinya a kan mace ɗaya, matar ɗa ko 'yar auta, maza suna turo kuɗi ta waya suna tambayar "yaya jikin Inna?" Mai jinyar da ba ta barci ita ma ciwo take nema, kuma daga gajiya ake fara tsawa. A gidanmu rubuta kwanaki muke yi a manna a bango, kowane ɗa da darensa, har da na Abuja idan ya zo ƙarshen mako.