Kusar Baƙin Mai Ta Ƙi Fita: Kurakuran da Ke Ƙara Ɓata Aikin

Kusar da ake kwancewa a ƙarƙashin inji don juye baƙin mai tana lalacewa ta hanya biyu, kuma kuskuren farko shi ne rashin bambance su. Ko dai kanta ya cinye, kusurwoyin nan shida sun mulmule har sifana na zamewa, ko kuma kan yana nan lafiya amma zaren ciki, wato murɗaɗɗen layin da kusar ke ɗauruwa da shi, ya mutu, kusar na ta juyawa, ba ta fita kuma ba ta ɗauru. Kowanne da maganinsa. Ka leƙa da fitila ka tabbatar kafin ka ɗauki ƙarfe.

Mu fara da cinyayyen kai, domin shi ya fi yawa. Kusan kullum sifana ce ke jawo shi. A yawancin Corolla da Camry kan kusar lamba 14 ne, wato milimita 14, a Accord da Civic kuwa 17. Sai mutum ya ɗauko sifana mai buɗaɗɗen baki, wadda gefe biyu kawai take kamawa, ko mai daidaitawa da ke da ɗan lilo, ko ta ma'aunin inci: 9/16 ta ɗara lamba 14 da kusan kashi uku cikin goma na milimita, kuma wannan 'yar tazarar ta isa ta share kusurwa. Soket, wato sifana mai kamar ƙoƙo da ke rufe kan kusar, idan mai haƙori 12 ne, shi ma a bakin kusurwa yake riƙo. Abin da ya dace shi ne soket mai gefe shida, daidai lambar, a tura shi har ya zauna.

Da zarar ya zame sau ɗaya, ka tsaya. Nan ne mutane ke ɓata aikin, a sake gwadawa da ƙarfi, a sa bututu a ƙara wa hannun tsawo, har kan ya koma kamar kan ƙusa. Kowace zamewa tana rage naman da za ka kama daga baya.

Ka kuma duba inda kake juyawa. Wanda ke kwance a ƙarƙashin mota yana saurin rikicewa, musamman idan kusar na kallon baya. Idan kana fuskantar kanta, akasin tafiyar hannun agogo ake kwancewa. Da yawa sun ɗaure suna zaton kwancewa suke yi.

Idan kan ya riga ya tafi, a bi daga mai sauƙi. A ɗan ɗuma injin na 'yan mintuna, ba a bar shi ya yi zafi sosai ba, domin mai na iya kaiwa digiri 100 kuma a hannunka zai zubo. Sai a nemi soket ɗin da aka ƙera don cinyayyun kusoshi, mai murɗaɗɗun haƙora a ciki da ke ƙara nutsewa yayin da kake kwancewa. In babu, a buga soket mai gefe shida wanda ya ɗan gaza lambar, a hankali, da ƙaramar guduma. Filaya mai kulle tana aiki idan an matse ta sosai, a ɗan goga gefe biyu da zarto mai cin ƙarfe don ta sami wurin kamu. Filaya ta gama-gari kuwa ƙara mulmule kan kawai za ta yi.

Cizal da guduma su ne abin da yaran gareji suka fi so, kuma idan kwanon mai, wanda kusar ke ɗaure a jikinsa, na ƙarfe ne, sukan yi nasara. Amma motoci da yawa yanzu kwanonsu na alminiyom ne, shi kuwa ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Kusar 'yan kuɗi kaɗan sai ta jawo sayen kwano. Haka zancen wuta: kada a kusantar da harshen gas ga kwanon da ke cike da mai. Walda noti a kan kusar dabara ce mai ci, amma aikin gwani ne, bayan an cire kan batir an goge duk man da ke wurin.

Matsala ta biyu, wato mataccen zare, ba ƙarfi take so ba ko kaɗan. Ka sa bakin sukundireba mai faɗi a ƙarƙashin kan kusar, ka ɗan banƙaro ta waje yayin da kake juyawa, har sauran zaren ya kama. Ka sa ƙyalle ko siririn ƙarfe a tsakani don kada ka karce inda wasa, wato zoben da ke hana mai ɗiga a ƙarƙashin kan kusar, ke zama, in ba haka ba ɗiga ba za ta ƙare ba.

Bayan ta fita sai kuskuren da ya fi tsada: a mayar da tsohuwar, a naɗe ta da zare ko leda, a shafe da gam. Irin wannan gyaran a kan hanya yake saki, kuma injin da ya rasa mai cikin 'yan mintuna yake bugawa. A yanke sabon zare a sa kusa mai ɗan girma, ko a sa zoben zare irin Helicoil, ko a sauya kwanon. Idan za a yanka zare alhali kwanon yana jikin mota, a shafa giris a jikin abin yankan don ya riƙe ɓarɓashi, sannan a zuba ɗan mai ya wanko ragowar kafin a rufe.

Wajen ɗaurawa, a sa sabuwar wasa, domin ta alminiyom ko tagulla sau ɗaya take matsuwa, kuma tsohuwar ce ke sa a yi ta ƙara ɗauri don tsayar da ɗiga. A fara da yatsu har kusar ta zauna, ban da bindigar iska ta ɗaure kusoshi. Ƙarfin ɗaurin a waɗannan motoci wajen 30 zuwa 40 Nm ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), wanda gajeren hannun soket ya isa ya bayar ba tare da bututu ba. Sai a tada injin na minti biyu ko uku, a kashe, a goge wurin da ƙyalle a duba ko akwai danshi.