Yadda za ka kare dabbobinka ranar da gari ya ɗauki ƙarar nokawut da bindigar toka

Jama'a duk mai dabba a gida a Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega ko Zuru ya san akwai ranakun da kunnen dabba ba ya hutawa. Ranar hawan Sallah 'yan bindiga na sakin bindigar toka a hanyar fadar Abdullahi Fodiyo har ƙasa na amsawa, daga tsakiyar Disamba zuwa daren sabuwar shekara kuma yara ne da nokawut a kowane lungu, ga rakiyar amarya da hon da gudun mashin, ga manyan tarukanmu irin su kamun kifi na Argungu da aka faro tun 1934, da Uhola a ƙasar Zuru, da Rigata a Yauri. Mu mun san murna ake, shi ragon da ke ɗaure a turke ba wanda ya gaya mishi.

Ƙarar da kanta ba kasafai take kashe dabba ba. Abin da ke kashe ta shi ne gudun da za ta yi, da igiyar da ke wuyanta, da wutar da ke kama harawa, sai kuma maganin da mai ita zai ɗura mata cikin ruɗewa. Duk waɗannan kuwa a hannunmu suke, kuma yawancinsu ba sa cin ko sisi, sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, aikin tun kwana biyu uku kafin ranar ake fara shi.

Ka fara da igiya, don nan ne aka fi asara. Da yawanmu zarge muke yi wa rago ko akuya a wuya, irin ɗaurin nan da in dabba ta ja sai ya ƙara shaƙewa. A ranar da ba komai wannan ɗaurin bai da matsala tunda dabbar na tsaye tana tuƙa abinta, amma a saki nokawut ɗaya a bayan katanga ka ga yadda rago zai yi tsalle ya fizga, ya zagaye turken sau uku sau huɗu, igiyar ta nannaɗe ta gajarce, ƙafarsa ta gaba ta shiga ciki, ya faɗi a kan wuyansa idanu sun firfito harshe a waje, kuma duk wannan cikin 'yan mintoci ne, alhali mutanen gida suna can ƙofar gida suna kallon hawa. Don haka ka kwance zargen nan ka yi ƙulli wanda ba ya motsi, ka bar sarari yadda yatsunka biyu za su shiga tsakanin igiya da wuya. In da hali ma ka cire su daga turke gaba ɗaya ka zuba su a ɗaki ko garejin da ke da iska, su zauna tare, don tumaki da awaki hankalinsu ya fi kwanciya in suna ganin 'yan'uwansu. Kafin ka zuba su ka zagaya ɗakin ka kwashe tsohon kwanon rufi da ƙusa da fasasshiyar kwalba da waya. Tunkiya ko akuya mai tsohon ciki a ware ta da wata guda mai sanyin hali a can ƙuryar gida, saboda gudu da turereniya na iya sa ta ɓari.

Sai harawa. Wannan wallahi ita ta fi tayar min da hankali, saboda lokacin nokawut ya faɗo daidai da hunturu, an gama girbi kowa ya jibge harawar wake da ta gyaɗa a kan rufi ko a kan rumfa ko a reshen bishiya, ga ta a bushe ƙayau ga iska na kaɗawa. Tartsatsi ɗaya ya isa. Abincin da ka tanada don kiwon rani ya tafi, in ba a yi sa'a ba har da rumfar da dabbobin ke ƙarƙashinta. Duk harawar da ke kusa da katangar titi a sauko da ita a shigar ciki, a ajiye durom ko bokitai cike da ruwa kusa da wurin dabbobi, kuma kar a sa wa ɗakinsu kwaɗon da makullinsa ke aljihun mutum ɗaya da ya tafi kallo.

Masu kaji, musamman masu 'yan gidan gona ɗari biyu ɗari uku a bayan gida, ku naku haɗarin daban ne. Kaza in ta firgita cikin duhu kusurwa take nufa, duk sai su bi juna su hau kan juna, da safe ka ɗaga na sama ka tarar da na ƙasa sun mutu ba ciwo ba komai, numfashi ne ya gagare su. A bar musu ɗan haske daren, ko fitilar caji ce, a toshe kusurwoyin da kwali ko buhun dusa yadda ba inda za su cunkushe, sannan wani ya riƙa leƙa su. Kajin gida da zabi a kora su akurki da wuri, tantabaru kuma a rufe ɗakinsu tun kafin magariba don in suka tashi cikin dare ba duka ke dawowa ba.

Kare da mussa su ne suka fi shan wahalar ƙarar ita kanta. Kunnen mutum yana tsayawa ne wajen 20,000 a ma'aunin sauti na Hertz, na kare ya haura 40,000, na mussa ya kai wajen 60,000, wato akwai abin da suke ji a cikin fashewar nan da mu sam ba ma ji. Karen gadi da ka sani da zafi za ka ga yana rawar jiki, yawu na zuba, ya cusa wutsiya, yana neman shiga ƙarƙashin mota. Kar ka doke shi kar ka yi mishi tsawa, kuma kar ka jawo shi waje wai don ya saba, ba a sabawa ta haka, ƙara lalacewa yake. Ka ba shi abinci da wuri tun da la'asar, ka zagaya da shi ya yi bayan gida, sannan ka sa shi a wuri mai rufi ka ajiye mishi ruwa da tsohon buhu, ka kunna rediyo a kusa ta rage kaifin ƙarar. Ka duba ƙasan get da duk wani rami a katanga don firgitaccen kare yana bi ta inda ba ka taɓa zato ba, kuma ka rubuta lambar wayarka a jikin abin wuyansa. Mussa kuma ita ba ta son a riƙe ta, a bar mata kwali ko ƙarƙashin gado ta ɓuya, a rufe taga. In za a kulle ta to da abinci da ruwa, kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nema da kanta ba.

Ku ja wa yara kunne kar su je rarrashin kare ko mussa a wannan halin, dabba mai tsoro tana cizon ko mai ita. In kuwa cizon ya faru a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 sannan a tafi asibiti ranar, kar a tsaya jiran ganin ko karen zai haukace, don ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi.

Akwai dabarar da ke aiki in ka fara da wuri, kamar wata guda kafin lokacin. Ka samo ƙarar nokawut a waya ka riƙa kunnawa can ƙasa-ƙasa lokacin da dabbar ke cin abinci, kullum ka ɗan ƙara kaɗan, in ka ga ta daina ci ta ɗaga kunne to alama ce ƙarar ta yi mata yawa, ka rage ta. Masu barga sun daɗe da sanin wannan, dokin da ke tsayawa cak ana harbi a gefensa ba ranar hawa ya fara jin bindiga ba. Shi ya sa nake roƙon masu aron doki ranar Sallah, don Allah ku tambaya ko dokin ya taɓa shiga hawa, kar a ɗauko sabon doki daga ƙauye jiya yau a ɗora mishi yaro ɗan shekara goma a shiga tsakiyar 'yan bindiga. A samu zagi babba mai ƙarfi ya riƙe ragama, a duba linzami da majayi kafin a fita. Doki in ya ji rauni ko ƙarami ne, musamman ƙusa a kofato, a kira likita a yi mishi allurar kariya daga sarƙewar haƙora, doki na cikin dabbobin da wannan ciwon ya fi saurin kayarwa.

To in abin ya riga ya faru fa. Ƙuna, a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a kai kamar minti 15 zuwa 20, ba ƙanƙara ba, kuma ban da man goge baki ban da manja ban da baƙin mai, duk ƙara cuta suke. Jini, a danne da tsumma mai tsabta a riƙe kar a yi ta ɗagawa ana leƙawa. Karaya, a hana dabbar motsi a nemi likita. Sannan maganin mutane, nan ne nake so a saurare ni da kyau. Ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe mussa, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibuprofen da diclofenac suna ɓata ciki da ƙodar kare. Tramol ko maganin barcin mutane don wai dabba ta natsu, a'a. Akwai magungunan kwantar da hankalin dabba amma likita ne ke auna su da nauyinta da shekarunta, kuma ana zuwa neman su ne kafin ranar.

Alhamdulillahi yanzu samun likitan ba kamar da ba ne. A da in ba asibitin dabbobi na gwamnati ba sai dai mai tallan magani ranar kasuwa, yanzu kuwa da kiwon kaji da turkar raguna da ajiye karnukan gadi suka yawaita, shagunan maganin dabbobi da ƙananan asibitoci masu zaman kansu sai ƙaruwa suke a manyan garuruwanmu, wasu likitocin ma har gida suke zuwa a kan mashin in ka kira. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato nan kusa da mu tana yaye likitocin dabbobi kuma tana da asibitin koyarwa da ake kai abin da ya gagara, haka ABU Zariya, ga cibiyar Vom ta jihar Filato da ke haɗa alluran rigakafi tun kafuwarta a 1924, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta kanta. Amma yawan shago ya zo da nasa, ba duk wanda ya rataya farar riga ake kira dakta ne likita ba. Likitan dabbobi na gaske shekara shida yake yi a jami'a kuma yana da rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, ba laifi ba ne ka tambaya cikin ladabi. Ka duba ko yana da firij mai aiki ko kula mai ƙanƙara a ciki, don allurar rigakafin da ta sha zafin Kebbi a kan kanta ta zama ruwa kawai. Ka duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewa a jikin maganin. Wanda zai ba ka allura bai tambaye ka shekarun dabbar ba, bai tambayi me ta ci ba, bai ce a kawo ta ko ya zo ya gani ba, ni dai ba zan ba shi dabbata ba.

Ka je wurin likita tun ana sauran sati biyu, ka yi wa kare allurar haukan kare in shekara ta zagayo, ana fara ta ne tun yana wata uku, ka karɓi lambar likitan ka tambaye shi kai tsaye ko yana ɗaga waya ranar Sallah da cikin dare, in ba ya yi wa zai haɗa ka da shi. Ranar biki shaguna a rufe suke, likitan ma yana da iyali.

Washegarin taro ma akwai aiki. Kafin a saki dabbobi a share ƙofar gida, a tsince ragowar nokawut saboda albarushin da ke ciki guba ne ga ɗan kwikwiyon da zai tauna, a kwashe ledojin ruwa da na abinci da aka zubar, akuya na haɗiye leda ta taru mata a tumbi ta yi ta ramewa ana zaton tsutsa ce. Kuma Hajiya don Allah ragowar shinkafa da tuwon biki kar a juye wa rago faranti guda don gudun almubazzaranci, cikinsa bai saba ba, kumburi yake yi kuma yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, a shanya a riƙa haɗa mishi kaɗan-kaɗan da dusa. In an yi wa ragon layya allura dab da Sallah a tambayi likita kwana nawa za a jira kafin a ci naman.

Saura maganar maƙwabta. Kusan duk ƙarshen shekara 'yan sanda na fitar da sanarwar hana nokawut, kuma a yanayin rashin tsaron da ake ciki, musamman can kudancin jihar Kebbi da iyakarmu da Zamfara inda ƙarar fashewa cikin dare ke sa uwa ta suri ɗanta ta yi daji, ni ban ga dalilin saya wa yaro shi ba sam. Amma tunda ana saya, ka samu iyayen yaran layinku tun kafin lokacin, ka ce Malam ina da tunkiya mai ciki a bayan katangar nan kuma harawata na kan rumfa, a taimaka yara su matsa can fili. In gidan biki ne ka roƙi su gaya maka ranar da lokacin da za a yi harbi don ka kintsa. In magana ta ƙi ka kai wa mai unguwa, shi ya san yadda zai tara su.