Yadda Ake Saita Kaso Cikin Ɗari a Jikin Zanen Rahoto a Excel

Ka gama shigar da alƙaluma, ka fitar da zane, sai ka ga 0.4 a inda kake jiran 40%, ko kuma wani jibgegen 4000% zaune a kan sanda. Dalili ɗaya ne ke haddasa duka biyun. A wurin Excel, kashi 40 cikin ɗari 0.4 ne, alamar % riga ce kawai da yake sa wa lambar, kuma da zarar ya sa mata sai ya nuna ta ninki ɗari. Saboda haka kafin ka taɓa zanen, duba gurbin da lambar take. In 0.4 ne a ciki, danna Ctrl da Shift da % a tare, ta koma 40%. In kuma 40 aka rubuta, kada ka yi haka, akwai maganinta a ƙasa.

Mu ɗauki misali: wani shagon hatsi ya sayar da buhu 150 a wata guda, masara 60, gero 45, dawa 42, wake 3. Sunayen suna jerin A, yawan buhuna a jerin B, daga layi na 2 zuwa na 5.

Zanen da'ira shi ne mai sauƙi, don shi Excel ne ke yi maka lissafin. Zaɓi alƙaluman, ka shiga Insert ka ɗauki Pie. Ka danna ɓangaren dama na linzami a kan da'irar, ka zaɓi Add Data Labels. Yawan buhuna zai fito, ba kaso ba. Danna ɗaya daga cikin lambobin, sannan Ctrl da 1, allon gyara zai buɗe a gefe. A ƙarƙashin Label Options ka sa alama a Percentage, ka cire ta Value. Ka ƙara da Category Name, sannan ka goge akwatin launukan nan na ƙasa. Mai karatu zai ga "masara 40%" a wuri guda, ba sai yana kai-komo da ido tsakanin launi da suna ba.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami ba su sani ba. Percentage ba ya kallon abin da ka rubuta a matsayin kaso, yana raba kowace lamba ne da jimillar duka. A ce an yi tambaya wadda mutum zai iya zaɓar amsa biyu, kashi 70 suka ce suna sauraron rediyo, kashi 60 suka ce suna kallon talabijin. Ka zuba su a da'ira, sai ta ba ka 54% da 46%, alƙaluman da babu su a bincikenka ko kaɗan. Duk abin da jimillarsa ba ɗari ba ce, da'ira ba wurinsa ba ne. Kai shi zanen sanduna.

Sai batun ɗigo. A can ƙasan allon akwai Number. Buɗe shi, ka zaɓi Percentage, ka rubuta adadin lambobin da kake so bayan ɗigo a Decimal places. Ko ka rubuta 0.0% a akwatin Format Code ka danna Add. Ni dai ra'ayina, rahoton da za a haska a taro ba ya bukatar ko ɗaya, in ta yi tsanani ɗaya ya wadatar. Rubuta 28.00% a kan buhu 42 cika ido ne kawai. Amma ka sani, in kaso uku suka zo daidai da juna, kowanne zai nuna 33%, jimilla 99, kuma ba a rasa mai ƙididdigewa a taro da zai ɗaga hannu. Ƙara lamba ɗaya ma 99.9 zai ba ka. Abin yi shi ne ka rubuta a ƙasan zanen cewa an taƙaita alƙaluman zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa. Kada ka gyara ɗaya da hannu ya zama 34%.

Waken nan mai 2% yankinsa siriri ne, rubutunsa kan hau kan na maƙwabcinsa. Ko dai ka ja shi waje da linzami, ka bar Show Leader Lines a kunne don siririn layi ya nuna inda ya fito, ko ka ɓoye duk abin da bai kai kashi 3 ba da wannan tsari a Format Code:

[<0.03]"";0%

Lambobin da aka riga aka rubuta su 40, 30, 28 kuwa, tsarinsu shi ne 0"%". Zai manna musu alamar ba tare da ya ninka su ba.

Zanen sanduna ya fi cin aiki, don babu Percentage a cikin zaɓinsa. Ko nau'in da ake kira 100% Stacked Column, ma'aunin gefe ne kawai ke nuna kaso, rubutun jikin sandunan yawan buhuna yake nunawa. Don haka kai za ka yi lissafin. A gurbin C2 rubuta:

=B2/SUM($B$2:$B$5)

Ka ja shi ƙasa zuwa C5, ka mai da jerin kaso. Alamun dalar nan su ke riƙe jimillar kada ta zame yayin da kake ja. Maɓallin F4 na sa su. Yanzu fitar da zanen sanduna da jerin A da B, ka zaɓi Add Data Labels kamar ɗazu, ka koma Label Options, sa alama a Value From Cells, zaɓi C2 zuwa C5, ka cire Value. Tsayin sanda zai ci gaba da nuna buhuna, rubutun kanta yana nuna kaso. In kana son duka biyun su fito tare, yi jerin D da wannan, ka zaɓe shi maimakon C:

=B2&" / "&TEXT(C2,"0%")

Value From Cells ya fara ne daga Excel 2013. Wanda ya buɗe fayil ɗin da na 2010 ba zai ga kasonka ba, [CELLRANGE] zai gani a kan kowace sanda. In ba ka da tabbacin irin kwamfutar da ke ofishin da za ka tura wa, mai da rahoton PDF tukuna. Masu aiki da Excel na Faransanci, kamar a yawancin ofisoshin Nijar, SOMME da TEXTE za su rubuta a madadin SUM da TEXT, waƙafi ne a gurbin ɗigo, kuma alamar (;) ce ke raba sassan lissafi.

Akwai wani ɗan akwati a ƙarƙashin Number mai suna Linked to source. In yana kunne, rubutun zanen yana bin tsarin gurbin da ya fito, ka canza gurbi ya canza. Da ka zaɓi tsari da hannunka alamar za ta fita. Shi ya sa wata mai zuwa za ka iya gyara jadawali ka ga zanen ya ƙi binsa. Mayar da alamar, zai dawo hanya.