Kurakuran da aka fi yi wajen toshe hayaniyar waje a gidajen Accra, da yadda ake gyara su

Duk wanda ɗakinsa ke kallon titin Nima ko na Kanda, ko yake kwana kusa da tashar trotro a Madina, ya san abin da kunne ke sha: hon ɗin mota, okada, lasifikar awure, cocin da ke kwana yana waƙa, da janaretan maƙwabci idan an ɗauke wuta. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Ghana, EPA, ita ce a unguwar zama kada ƙara ta wuce desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 55 da rana, 48 da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar kada cikin ɗakin barci ya wuce 30. Bakin titi mai cunkoso kuwa yakan kai 70 zuwa 80. In ban da watan da sarakunan ƙabilar Ga ke hana kiɗa da hayaniya kafin bikinsu na gargajiya, Homowo, sauran shekara mutum shi zai kare ɗakinsa da kansa.

Kafin a shiga kurakuran, a riƙe abu biyu. Rage desibel 10 kunne yana jin sa kamar an raba ƙarar biyu, don haka kada a raina ragin 10 ko 15. Sannan ƙara tana bin hanyar da iska ke bi. Inda iska ta samu kafa, ƙara ta samu, kuma abin da ke tare ta nauyi ne da rashin kafa. Kusan duk asarar kuɗin da muke gani a wannan aiki daga mance wannan take tasowa.

Kiret ɗin ƙwai, soso da labule

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ya fi ba da takaici domin mutum yana ganin ya yi aiki. A manna kiret ɗin ƙwai ko soson katifa a bango, a rataya labule mai kauri, dare ya yi a ji komai yadda yake. Dalili shi ne abu mai laushi da rashin nauyi amsa-kuwwa yake sha a cikin ɗaki, wato ƙarar da ta riga ta shigo tana yawo tsakanin bango da bango. Ba ya hana ta shigowa. Abin da ya sa ake ganin irin wannan soso a ɗakin ɗaukar murya ke nan: don murya ta fita tas aka sa shi, abin da ke hana ƙarar titi shiga can yana cikin ginin bangon. Farar robar nan da ake samu a kwalin firji ma haka take, tana tare zafi amma ba ta da nauyin tare ƙara. Ga kuma haɗari: soso da kwali suna kama wuta da sauri, hayaƙin soso guba ne, kuma bayansu kyankyaso ke samun gida.

Labule mai nauyi da kafet suna da amfaninsu, suna kwantar da ɗaki mai tayil wanda magana ke yi wa kuwwa. A sa su a ƙarshe, bayan an gama ainihin aikin.

An bar jaki ana dukan taiki

Mai gida zai kira birkila ya ce a ƙara wa bango kauri, alhali bangon shi ne wurin da ya fi ko'ina ƙarfi a ɗakin. Bulo mai inci 6 da aka yi wa filasta ciki da waje yana rage wajen desibel 45. Tagar luba kuwa, wato mai jerin siraran gilasai da ake karkatawa, ko an rufe ta ruf, da ƙyar take rage 15, domin tsakanin kowane gilashi da ɗan'uwansa akwai kafa, gefen da ƙarfe ya riƙe su ma akwai.

A yi lissafi. Bango mai mita 3 tsawo da mita 3 faɗi, a tsakiyarsa tagar luba mai mita 1.2 kowane gefe. Tagar ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na bangon ba, amma ita za ta jawo ragin gaba ɗaya ya dawo kusan desibel 23. Ko an ninka kaurin bulon, adadin ba zai motsa ba. In kuwa aka gyara tagar ta koma tana rage 35, bangon nan ba tare da an taɓa shi ba zai ba da wajen 40. Saboda haka kafin a sayi ko buhun siminti ɗaya, a nemo inda ƙarar ke shigowa. A rufe taga da ƙofa lokacin da hayaniya ta fi yawa, a bi gefen firam da kunne a hankali. Da dare a kashe wutar ɗaki, wani ya haska tocila daga waje yana bin gefen ƙofa da taga. Duk inda haske ya ɓullo a yi masa alama da alli.

Bango yana zama matsala ne idan ba a yi masa filasta ba, domin bulon yashi da siminti yana da ƙananan ramuka da iska ke ratsawa. Filasta mai kaurin milimita 12 zuwa 15 a kowane gefe ta isa. Haka nan bulon ado mai huji da ake jerawa saman taga don iska, taga ce a buɗe dare da rana, kuma mutane da yawa ba sa ma tuna yana nan.

Taga, inda kuɗin ya kamata ya tafi

A nan kuskure iri uku ne. Na farko, a cire luba a sa tagar alminiyam mai zamiya, a ɗauka an gama. Ta fi luba, amma ba sosai ba, saboda dole ta bar rata kafin ta iya zamewa, kuma ɗan burushin da ke gefenta ƙura yake tarewa. Wadda ta fi ita ce taga mai buɗewa kamar ƙofa, mai roba zagaye da firam, wadda idan an murɗa hannunta take matse robar. A gwada da takarda: a sa ta a bakin firam a rufe, in ta zare da sauƙi robar ba ta kama ba.

Na biyu, siririn gilashi. Nauyin gilashi kilo 2.5 ne a kowace murabba'in mita ga kowane milimita na kauri, ke nan mai milimita 4 kilo 10 ne, mai 6 kuma 15. Ƙa'idar ita ce duk lokacin da aka ninka nauyi ana samun ƙarin ragin desibel 5 zuwa 6. A nemi aƙalla milimita 6, in da hali a sa gilashi mai haɗe biyu da siririyar roba a tsakiya, irin mai kaurin 6.38, domin robar tana kashe girgiza.

Na uku shi ne wanda masu kuɗin kashewa ke faɗawa: gilashi biyu manne kusa da juna, tsakaninsu milimita 6 ko 12. An ƙera wannan ne don tare zafi da sanyi. Ga ƙarar manyan motoci da dukan ganga, ƙaramar ratar ba ta taimakawa, wani lokaci ma gilashi ɗaya mai kauri ya fi shi. Abin da ke aiki shi ne taga ta biyu daga ciki, da firam ɗinta daban, a bar santimita 10 zuwa 15 tsakaninta da ta waje. Kaurin bangon bulo yakan ba da wannan wuri. Gilasan biyu kada kaurinsu ya zama ɗaya, misali 4 a waje 6 a ciki, don kada su yi girgiza tare. Wannan hanya tana da daɗi ga ɗan haya, domin luba, ragar sauro da ƙarfen ɓarayi duk suna nan yadda mai gida ya bar su. Duk da haka a nemi izininsa kafin a huda bango.

Kowace taga aka sa, a duba tsakanin firam da bulo. Masu aiki sukan bar rata nan su rufe ta da ɗan katako don ido. A cika ta da kwaɓin siminti, a bi bakin da silikon ciki da waje. Kumfar gwangwani mai kumbura ita kaɗai ba ta isa ba, ba ta da nauyi.

Wanda ba shi da kuɗin taga ta biyu, kafinta zai iya yanka masa filawud mai milimita 18 daidai bakin tagar, a rage santimita 1 kowane gefe, a zagaye shi da roba, a sa masa hannu biyu. Da dare a cusa, da safe a cire. Sharaɗin dai ya zama ɗakin yana da wata hanyar iska, kuma mutum ɗaya zai iya cire shi da sauri idan wani abu ya taso.

Ƙofa

Ƙofar filawud mai fanko a ciki ganga ce, ragin da take yi bai wuce desibel 20 ba. Ta katako zalla mai kaurin milimita 40 zuwa 45 tana kaiwa wajen 30, amma sai an toshe gefenta. Ratar santimita 1 a ƙasan ƙofa mai faɗin santimita 90 ta isa ta hana kowace irin ƙofa wuce desibel 23 ko makamancin haka, komai tsadarta. A manna roba a gefe biyu da saman firam, a ɗaure robar shara a ƙasa ta riƙa taɓa dandamali, a toshe tsohon hujin mabuɗi. Ƙofa mai nauyi tana son maƙalai 3, in ba haka ba za ta sunkuya ratar ta dawo.

Sama, inda ba a dubawa

A gidajen haya na Nima, Mamobi da Sabon Zongo, ɗakuna a jere suke ƙarƙashin kwano ɗaya, kuma sau da yawa bangon da ya raba ɗaki da ɗaki a daidai silin yake tsayawa. Sama da silin fili ne guda daga farkon gida zuwa ƙarshe. Shi ya sa ake jin rediyon ɗaki na uku kamar a gefen gado. Ƙarar titi da ta jirgin sama ma ta nan suke sauka, tunda kwanon rufi siriri ne, silin roba ko filawud mai milimita 4 kuma ba shi da nauyin komai.

Gyaran shi ne a ɗaga bangon rabo har ya taɓa kwano, a toshe lanƙwasar kwanon. Sannan a sa silin mai nauyi, allon filasta mai milimita 12, in da hali ninki biyu, a goce mahaɗar na sama da ta na ƙasa. A shimfiɗa audugar dutse ko audugar gilashi (shimfiɗa mai kama da auduga da ake yi da zaren dutse ko na gilashi) mai kaurin santimita 5 zuwa 10 a kansa, ba tare da an danne ta ba. A nan ne abu mai laushi ke aiki, a ɓoye cikin fanko, bayan abu mai nauyi. Ita ce kuma ke rage ƙarar ruwan sama a kan kwano da zafin rana. Ninki biyu ya kai kilo 16 zuwa 20 a murabba'in mita, don haka kafinta ya duba katakon rufi tukuna, musamman inda gara ta taɓa. A gyara yoyo kafin a sa audugar, mai sa ta ya rufe hanci da hannu. Kada kuma bayan duk wannan a huda silin da ƙananan fitilu goma, kowane huji kafa ce.

Toshe ɗaki har a rasa numfashi

Wannan kuskuren ya fi sauran haɗari. Accra gari ne mai zafi da laima, luba kuma ba a banza aka yawaita ta ba. Idan aka toshe ko'ina, bango zai fara fumfuna, mai barci ya tashi da ciwon kai, daga ƙarshe a buɗe tagar a koma gidan jiya. Fanka juya iskar ciki kawai take yi. Na'urar sanyaya ɗaki mai rabe biyu ma ba ta kawo sabuwar iska, kuma hujin bututunta sai an cika shi da siminti da silikon.

A bar hanyar iska a ɓangaren da ya fi shiru, yawanci wajen tsakar gida. In babu, a yi akwatin iska na filawud mai lanƙwasa biyu a ciki, tsawonsa wajen mita 1, a lulluɓe cikinsa da audugar dutse da aka rufe da yadi, a sa raga a baki. Iska tana bin lanƙwasar ta wuce, ƙara kuwa tana raguwa a kowace kwana. A ɗakin da aka toshe ba a kunna gawayi, ba a girki da gas, ba a kwana da maganin sauro mai hayaƙi. Janareta kuma a waje yake zama, nesa da taga, a kan roba mai kauri don kada girgizarsa ta bi ƙasa ta shiga gini. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa cikin barci.

Shuke-shuke da katanga

Jerin furanni ko itatuwa biyu uku ba sa tare ƙara, ido kawai suke karewa. Katangar bulo tana ragewa, desibel 5 zuwa 10, in ta kai tsayin da daga taga ba a hango tayar mota da salansarta, kuma babu huji a jikinta. Get mai sanduna ko mai rata a ƙasa yana zubar da yawancin ribar. Ga mai bene, katanga ba ta yi wa ɗakin sama komai.

Sa rai da shiru kamar daji

Ƙara mai kauri, irin dukan lasifikar biki da rurin tirela, ita ce ta fi wuyar tarewa, domin tana girgiza ginin kansa. Aiki mai kyau zai mayar da hon da surutu can nesa, amma dum-dum ɗin ganga ba zai ɓace gaba ɗaya ba. Masu tsoron kada su daina jin kiran sallar asuba su kwantar da hankali, in masallacin na unguwa ne za a ji shi, a tausashe. Idan gidan yana da ɗaki fiye da ɗaya, mayar da gado zuwa ɗakin da ke baya da titi yakan fi aikin sidi dubbai, kuma a janye kan gadon daga bangon da ke kallon hayaniya. Inda kuwa ƙarar ta wuri ɗaya ce da ke kwana tana tashi, a fara da magana ta hannun mai unguwa, liman ko ɗan majalisar unguwa, in ba ta yi ba a kai ƙorafi sashen lafiyar muhalli na majalisar yankin ko ofishin EPA, a tafi da rubutun ranaku da sa'o'in da abin ke faruwa.